An buɗe masa ƙofar gidan yari, ina zai kwana? Dokokin matsugunin masu sakin talala a Ingila

A Ingila da Wales, yawancin waɗanda aka yanke wa hukuncin ɗauri ba sa cinye wa'adinsu a bayan katanga. Wani kaso suke yi a ciki, ragowar su ƙarasa a waje bisa sharaɗi, ƙarƙashin kulawar jami'in sa ido. Masu ɗaurin rai da rai da wasu masu manyan laifuka ba sa fita sai Hukumar Sakin Talala ta zauna ta gamsu cewa ci gaba da tsare su bai zama dole ba don kare jama'a. Sauran kuwa ranar fitarsu a lissafe take tun daga hukuncin alƙali. Dukansu ana miƙa musu takardar sharuɗɗa a bakin ƙofa, kuma a cikinta akwai sharaɗin da ya ce mutum zai zauna a adireshin da jami'in sa ido ya amince da shi, ba zai kwana ko dare ɗaya a wani wuri ba sai da izini. Wanda ya saɓa, ana iya mayar da shi ciki ko da bai sake aikata wani laifi ba.

Dokar ta ɗora wa wanda aka saka nauyin kasancewa da adireshi, amma babu dokar da ta ce duk wanda aka saka, dole wata hukuma ta ba shi ɗaki. Duk gyare-gyaren da Birtaniya ta yi a shekaru ashirin da suka wuce ƙoƙari ne na cike wannan giɓi, kuma wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai lura da abu guda: dokar da ta tsaya a kan "a tura sunansa" ko "a duba lamarinsa" ba ta samar da gado. Waɗanda suka yi tasiri su ne masu zuwa da kuɗi, da ɗakuna, da ranakun da suka dace da juna.

Girman abin ba ƙarami ba ne. Hukumar da ke binciken ayyukan sa ido ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa mutum 11,435 aka saka daga gidajen yari ba tare da matsuguni ba a shekarar 2018 zuwa 2019. A cikin mutanen da ta bi sawunsu, kashi 63 cikin ɗari na marasa tsayayyen wurin zama sun koma gidan yari, alhali a masu wurin zama kashi 35 ne. Wani binciken Ma'aikatar Shari'a na 2012 ya nuna kashi 79 cikin ɗari na waɗanda ba su da matsuguni kafin ɗauri an sake samun su da laifi cikin shekarar farko bayan fita, a kan kashi 47 na masu gida. Ba rashin ɗaki kaɗai ya jawo wannan bambanci ba, domin masu kwanan titi su ne kuma suka fi fama da shaye-shaye da taɓin hankali. Amma mai shan maganin rage maye ko na ƙwaƙwalwa ba zai iya riƙe lokacin asibiti ba idan bai san inda zai kwana ba, wasiƙar jami'in sa ido ma ba ta da inda za ta same shi. Kowane gurbin fursuna kuwa yana cin gwamnati sama da fam dubu 50 a shekara.

Yadda gida yake suɓucewa

Da yawa sun shiga gidan yari suna da ɗakin haya, a lokacin ɗaurin ne suka rasa shi, kuma ƙa'idar tallafin haya ce ke yanke wannan. A tsohon tsarin tallafin, gwamnati na ci gaba da biya wa wanda ke jiran shari'a har mako 52, wanda aka yanke wa hukunci kuwa mako 13 kawai, shi ma sai idan ana sa ran zai dawo cikin wannan wa'adi. A sabon tsarin Universal Credit iyakar wata shida ce, kuma idan tun farko an san zaman zai wuce wata shida, ba a biya ko na wata ɗaya. Wanda zai yi wata bakwai a ciki ke nan bashin haya yake taruwa a kansa tun daga makon farko, sai dai idan wani ya taimaka masa ya rubuta wa mai gida ya miƙa ɗakin da wuri. Mutane da yawa ba sa yin haka, ko don ba su sani ba, ko don suna fatan ɗakin zai jira su. Su fito su tarar an kwashe kayansu, takardun shaidarsu sun bi shara, ga bashi a kan sunansu wanda zai hana ƙaramar hukuma sa su a layin gidajenta.

Daga nan sai ofishin gidaje na ƙaramar hukuma, inda Dokar Gidaje ta 1996 take aiki. Kafin a ɗora wa hukumar nauyin ba mutum matsuguni mai ɗorewa, sai ya tsallake tambayoyi biyar: shin matsayinsa na zama a ƙasar ya ba shi damar tallafi, shin da gaske ba shi da wurin zama, shin yana cikin masu buƙatar fifiko, shin ba da gangan ya jefa kansa cikin halin ba, sannan shin yana da alaƙa da yankin. Uku na ƙarshe su ne suke kayar da tsohon fursuna.

Batun fifiko: mai ciki da mai yara ƙanana suna samunsa kai tsaye, gwauro mai ƙoshin lafiya ba ya samu. Wata ƙa'ida ta 2002 ta ƙara da wanda zaman kurkuku ya raunana, amma zaman kurkukun kaɗai bai isa ba, sai an nuna raunin. Kotun Ƙoli a shari'ar Hotak ta 2015 ta ce ma'aunin shi ne ko mutumin zai fi mutum na yau da kullum cutuwa sosai idan duka biyu suka rasa gida. A aikace wannan yana nufin takardar likita, tarihin magani, bayanin jami'in sa ido. Wanda ya zo hannu rabbana, bakinsa kawai, da wuya ya wuce.

Batun ganganci ya fi ɗaure kai. Kotunan Ingila sun amince cewa wanda ya aikata laifi yana sane da cewa zai iya kai shi kurkuku har ya rasa gidansa, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya rasa gidan da gangan. Haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a shari'ar Stewart da ƙaramar hukumar Lambeth a 2002. Laifin da aka riga aka hukunta shi a kansa shi ne kuma zai zama hujjar rage abin da za a yi masa a ofishin gidaje.

Alaƙa da yanki kuma, zaman gidan yari ba ya ƙirƙirar ta, tunda ba da zaɓinsa ya zauna a can ba. Wanda ya shekara biyar a kurkukun wani gari ba ɗan garin ba ne a idon doka, sai a mayar da shi inda ya fito. Wani lokaci kuma takardar sharuɗɗansa ta hana shi taka unguwar da ya fito, saboda wanda ya zalunta yana can, ko don raba shi da abokan da suka kai shi ciki. Garin da doka ta ce nasa ne an hana shi shiga, garin da aka yarda ya zauna kuma ya ce bai san shi ba.

Dokar 2017 da abin da ta iya

Dokar Rage Rashin Matsuguni ta 2017, wadda ɗan majalisa Bob Blackman ya gabatar, ta fara aiki a Afrilun 2018. Ta kawo abubuwa biyu masu amfani ga fursuna. Na farko, ƙaramar hukuma za ta fara taimaka wa mutum tun yana da kwana 56 kafin ya rasa matsuguni, idan kuma ya rasa ta ƙara wasu kwana 56 tana ƙoƙarin sama masa, ba tare da duba fifiko ko ganganci ba. Na biyu, daga 1 ga Oktoban 2018 an wajabta wa gidajen yari da ofisoshin sa ido da wasu hukumomi su tura sunan duk wanda suka ga zai fita babu wurin zama, idan ya yarda, zuwa ƙaramar hukumar da ya zaɓa.

A takarda ke nan, kwana 56 kafin ranar fita ya kamata jami'in gidaje ya yi hira da fursuna, su rubuta tsarin abin da kowa zai yi. Inda abin yake lalacewa sananne ne ga duk mai wannan aiki. Ana tura sunan a makare, wani lokaci saura kwana biyu ko uku, musamman ga mai gajeren ɗauri wanda duk zamansa bai kai kwana 56 ɗin ba. Fursuna ba shi da waya ko intanet da zai amsa saƙon hukuma, hirar bidiyo kuma sai an samu ɗaki da gandiroba mai raka shi. Ƙananan hukumomi da yawa sai su amsa da cewa ya zo ofis ranar da aka sake shi. Uwa uba, abin da dokar ta ɗora wa hukumar shi ne ɗaukar matakan da suka dace, ba bayar da ɗaki ba. Jerin lambobin wayar masu gidajen haya ma ana iya lissafa shi cikin matakan.

Wannan ya zo daidai da lokacin da aikin sa ido kansa yake cikin rikici. A 2014, zamanin ministan shari'a Chris Grayling, an raba aikin gida biyu, aka miƙa waɗanda ba a ganin suna da babban haɗari ga kamfanoni 21, aka kuma ɗora musu shirya wa fursunoni fita. A 2017 masu binciken gwamnati suka rubuta cewa da za a soke wannan shiri washegari, da kyar a ga bambanci. Sai a Yunin 2021 aka dawo da aikin gaba ɗaya hannun gwamnati.

Ranar fita

Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka ranar mako ba ta da muhimmanci. Tsohuwar ƙa'ida ta ce wanda ranar fitarsa ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, a sake shi a ranar aiki ta ƙarshe kafin nan. Juma'a ta ɗauki nauyin kwana uku ke nan, shi ya sa kafin ƙarshen 2023 kusan ɗaya cikin uku na duk masu fita a ranar suke fita. Kuma ga abin da ke gaban mutum a wannan yini: ya kama jirgin ƙasa ko bas daga gidan yarin da zai iya zama tafiyar awa uku ko huɗu, ya bayyana gaban jami'in sa ido, wanda idan ya saɓa an fara lissafa masa karya sharaɗi, ya je ofishin gidaje ya bi layi, ya buɗe neman tallafin Universal Credit, ya kuma samu asibitin da zai ci gaba da ba shi maganinsa. Idan ba a buɗe masa ƙofa ba sai da hantsi, ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan za su wuce shi, kuma ofisoshin ba za su sake buɗewa ba sai Litinin.

Dokar 2023 kan ranar saki, wadda ɗan majalisa Simon Fell ya kawo kuma ta fara aiki a ƙarshen Nuwamban shekarar, ta ba da ikon dawo da ranar baya da kwanan aiki ɗaya ko biyu, wato Alhamis ko Laraba. Scotland ta riga ta yi irin wannan tun 2015. Ƙaramar doka ce, ba ta ci kuɗin kirki ba, kuma a ganinmu ta fi wasu manya amfani, don ta taɓa ainihin inda abin yake karyewa.

Kuɗin da ake sallamar mutum da shi fam 46 ne tun daga 1996 har 2021, shekara 25 bai motsa ba. A 2021 aka kai shi fam 76, a 2022 ya zama fam 82.39. Akwai takardar kuɗin mota, akwai kuma har fam 50 da shugaban gidan yari zai iya biya kai tsaye ga mai masauki. Tallafin Universal Credit ba a fara lissafa shi sai an fito, kuma biyan farko sai bayan mako biyar. Ana iya karɓar rance kafin nan, amma za a riƙa cire shi daga biyan watannin gaba.

Gadaje iri uku

Ma'aikatar Shari'a tana da matsugunai hawa uku. Na farko gidajen kwana ne da aka amince da su a hukumance, ɗari da 'yan kai, masu gadaje sama da 2,000, na waɗanda ake ganin suna da haɗari sosai ga jama'a. Akwai ma'aikata dare da rana, dokar hana fita daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe a kalla, gwajin ƙwaya da giya, da sa hannu a rajista. Zaman yawanci ba ya wuce mako 12. Nan ne da yawa daga cikin waɗanda Hukumar Sakin Talala ta saka suke fara sauka, domin hukumar ba ta sakin mutum sai da tsarin kula da haɗarinsa, kuma adireshi shi ne ƙashin bayan tsarin. Idan babu gado, mutum zai ci gaba da zama a ciki bayan an ba da umarnin sakinsa. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba ƙarar mutum biyu, Bowen da Stanton, ɗaya ya jira kimanin wata biyu, ɗayan kusan wata huɗu, ta ce jinkirin bai saɓa doka ba.

Hawa na biyu na masu beli ne da waɗanda za a saka da wuri da na'urar sa ido a ƙafa, waɗanda ba su da adireshin da za a kafa na'urar. Wannan saki yana buƙatar gida mai wutar lantarki da yardar mai gidan. Wanda ba shi da su, ko ya cancanta, zai zauna a ciki har ranar fitarsa ta asali.

Hawa na uku, wanda ake kira CAS3, shi ne sabo kuma shi ya fi shafar yawancin mutane. An fara shi a Yulin 2021 a yankuna biyar daga cikin yankunan sa ido, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran Ingila da Wales. Yana ba wanda zai fita ƙarƙashin sa ido ba shi da wurin kwana ɗaki na wucin gadi har dare 84, tare da ma'aikacin da zai riƙa taimaka masa neman na dindindin. Jami'in sa ido ne yake nema masa, kuma sai an riga an tura sunansa ga ƙaramar hukuma. Abin lura shi ne CAS3 ba doka ba ce. Shiri ne na ma'aikata da ke tafiya da kwangila da kasafin kuɗi. Idan ɗakunan yankin sun cika, babu haƙƙin da mutum zai kai ƙara a kansa. An ga iyakarsa a Satumban 2024, lokacin da yawan fursunoni ya haura 88,000 har gwamnati ta rage kason da wasu za su yi a ciki daga kashi 50 zuwa 40 cikin ɗari. Ranar 10 ga watan aka saki kimanin mutum 1,700 a yini guda, kuma ministar shari'a ta lokacin, Shabana Mahmood, ta shaida wa majalisa cewa ta ba da izinin kama ɗakunan otal masu araha idan gadajen ba su isa ba.

Dare na 85

A nan ne ya kamata a zauna da alƙalami. Dare 84 mako 12 ne. Mako biyar na farko sun tafi wajen jiran biyan farko na tallafi, saura bakwai. Wa'adin kwana 56 na ƙaramar hukuma yana iya ƙarewa tun saura kusan wata guda mutumin ya bar ɗakin wucin gadi, kuma sau da yawa hukumar ba ta ɗaukar lamarinsa da gaggawa tunda ga shi yana da rufi a kansa. Layin gidajen gwamnati a manyan birane na shekaru ne. Abin da ya rage shi ne hayar 'yan kasuwa.

Dokar 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa a kan hayar mako biyar. A ɗauka ɗaki ne na fam 500 a wata: ajiya kusan fam 577, ga hayar watan farko, jimla ta haura fam 1,000. Tallafin rayuwa na gwauro mai shekara 25 zuwa sama a 2024 fam 393.45 ne a wata. Ko bai ci abinci ba, ba zai tara kuɗin cikin mako bakwai ba. Saboda haka ne a 2021 gwamnati ta ware fam miliyan 13 ga ƙananan hukumomi don biyan ajiya da lallashin masu gidaje su karɓi tsofaffin fursunoni. Tallafin hayar kansa an ɗaure shi a kan kashi 30 cikin ɗari mafi araha na gidajen yanki, kuma an daskarar da shi daga 2016 zuwa 2020, aka sake daskarar da shi daga 2020 zuwa 2024, alhali haya tana hawa. Wanda bai kai shekara 35 ba kuma kuɗin ɗaki a gidan haɗaka kawai ake ba shi, sai 'yan kaɗan, irin su masu shekara 25 zuwa sama da ke ƙarƙashin sa ido na musamman saboda haɗarinsu. Sannan mai gida a Ingila dole ya ga takardar shaidar cewa mai haya yana da izinin zama a ƙasar, ga shi yana neman mai tsaya masa da asusun banki. Fasfo ɗin da aka zubar tare da kayan tsohon ɗaki a nan yake tayar da ƙura.

Wanda ya rasa duk wannan, inda yake faɗawa shi ne gidajen da ake kira na tallafi, waɗanda iyakar kuɗin haya ba ta shafe su ba muddin mai gidan ya ce yana ba mazauna kulawa. Akwai na kirki a cikinsu. Akwai kuma 'yan kasuwar da suka gano cewa suna iya cusa mutum shida ko takwas a gida ɗaya, su karɓi ninkin hayar kasuwa daga gwamnati, kulawar kuma ta tsaya a leƙo ɗaya a mako. A Birmingham kaɗai irin waɗannan gurabe sun haura 20,000. Mai ƙoƙarin barin ƙwaya a haɗa shi gida ɗaya da mai sayar da ita, an gudu ba a tsira ba. Majalisa ta zartar da dokar sa ido kan waɗannan gidaje a 2023, ita ma Blackman ne ya kawo ta, mai ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisi.

Sai mayarwa ciki. Shekaru da dama gajeren mayarwa kwana 14 ne ko 28, gwargwadon tsawon hukunci. Wannan ya isa mutum ya rasa ɗakin da aka sha wuya aka samo, bai kuma isa a shirya masa wani ba. Ya fito babu adireshi, ya kasa halartar ganawa, a sake mayar da shi.

Mata suna da nasu ƙullin. Gidajen yarin mata 12 ne a Ingila, Wales ba ta da ko ɗaya, don haka ana tsare su nesa da garuruwansu. Uwar da aka ɗauke wa 'ya'ya ba za a dawo mata da su ba sai tana da gidan da ya dace, hukumar gidaje kuma tana iya ɗaukarta a matsayin mace ita kaɗai tunda yaran ba sa hannunta. A 2016 masu bincike sun tarar gidan yarin Bronzefield ya sallami wasu mata da tanti da jakar barci. Baƙi kuwa, har da 'yan Najeriya da ke zaman ɗauri a can, tun a tambayar farko suke faɗuwa idan takardarsu ta hana su cin tallafin gwamnati. Dokar 2007 ta sa duk baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye yana fuskantar kora kai tsaye, kuma yayin da ake wannan shari'a matsuguninsa yana komawa hannun Ma'aikatar Cikin Gida, wadda tsarinta daban ne kuma yana da jinkiri.

Akwai masu cewa a ba tsohon fursuna fifiko kai tsaye a huta. Wales ta gwada haka daga 2001, ta kuma janye da dokarta ta 2014, bayan ƙorafin cewa mai laifi yana tsallake mai bin doka a layi, kuma da yawa ana jibge su ne a masaukin wucin gadi babu mai bibiyarsu. Ƙorafin ba na banza ba ne, kuma duk ɗan majalisar da zai kawo irin wannan doka sai ya amsa shi. Scotland ta bi wata hanya, ta soke gwajin fifiko ga kowa a ƙarshen 2012, ba wanda zai ce an fifita fursuna a kansa. Jihar Washington ta Amurka kuma kai tsaye ta tunkari lissafin: a 2009 ta ga tana ci gaba da ciyar da mutanen da lokacin fitarsu ya yi don kawai ba su da adireshin da aka amince da shi, sai ta yi dokar biya musu haya har dala 500 a wata na wata uku, a 2022 ta tsawaita zuwa wata shida. Hujjarta ba tausayi ba ce, hayar ta fi gadon kurkuku araha.

A Najeriya maganar ba ta yi nisa ba kamar yadda ake zato. Sashe na 468 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ba kotu ikon dakatar da ragowar wa'adin fursuna mai kyakkyawan hali, idan an yanke masa shekara 15 ko fiye ko rai da rai kuma ya cinye kashi ɗaya cikin uku, bisa rahoton shugaban hukumar gidajen yari. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta kafa sashen hukuncin da ba na tsarewa ba, har da sakin talala. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 kuma ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali da dokokinsu. Bambancin shi ne a nan babu tallafin haya, mai gida shekara guda yake nema a dunƙule, kuma abin da ke tsaye a madadin duk hawa ukun na Ingila shi ne dangi. Wanda danginsa suka karɓe shi ya samu adireshi da mai tsaya masa. Wanda suka guje shi, ko wanda laifinsa a cikin gidan ya faru, tasha ce ko shagon da ba a gama ginawa ba. A Nuwamban 2023, da Ma'aikatar Cikin Gida ta fara sakin fursunoni 4,068 bayan an biya musu tarar naira miliyan 585, abin da aka sallame su da shi ɗan kuɗin komawa gida ne, bisa tsammanin akwai gidan.

Sashe na 468 ya ce wanda aka saka zai bi shirin gyaran hali a wata cibiya, ya kuma ɗora wa shugaban hukumar tanadar wurin har da kasafinsa. Bai faɗi kwana nawa za a yi a can ba, bai faɗi wanda zai je ya duba gidan da mutum ya ce zai koma ya ji ta bakin mai gidan da mai unguwa ba, bai kuma faɗi abin da za a yi idan dangi suka ce ba sa so ba. Majalisar jihar da za ta rubuta tata dokar, Kano ce ko Kaduna ko Katsina, waɗannan sassa ita za ta rubuta su da hannunta.